Wurin da Ba a Sa a Taswira Ba

Matasawa, Lau
9 ga Yuli

Taubashiyata Torika,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, kuma tsofaffin Turawan da kike kula da su a Townsville ba su gaji da surutunki ba. Mu nan da sauƙi. Matata Akanisi ta warke daga ciwon ƙafar nan. Rogo ya yi kyau bana, gwaza ce ta ƙi. Baba kuwa, kawunki Savenaca, idon dama ya rufe gaba ɗaya, na hagu haske da duhu kawai yake rarrabewa. Amma yana cin abinci, yana faɗa da kowa, kin ga da sauran ƙarfi.

Na san kin yi ta kira ba kya samuna. Wayar na kashe, na sa ta a gwangwanin biskit na rufe. Wannan takardar ma wani ɗan cocinmu da ke aiki a jirgin Suva zan ba ya sa miki a gidan waya.

Torika, an shiga wurin Baba.

Kin san wurin da nake nufi, ba zan rubuta sunansa ba. Ranar Talata, makonni uku da suka wuce, na fita dubawa da safe kamar yadda nake yi duk lokacin da kifin kawakawa ke taruwa su zuba ƙwai. Sai na tarar da jiragen ruwa biyu masu inji a daidai kan wurin. Ba kusa da shi ba, a kansa. Mutum shida, da tulun iskar nutso a baya, da masun sukar kifi, da akwatunan ƙanƙara. Ƙasan jirginsu ƙwai ne ko'ina, ƙafa na zamewa a kai. Na ce musu wannan ruwan a rufe yake tun zamanin kakanmu, wa ya ba su izini? Babbansu ya yi dariya, ya ɗago wayarsa ya ce, "Ɗan'uwa, a rufe ina? Ga shi nan a waya."

Da na dawo, Ilaitia mai gari ya sa aka buga gangar taro. Ba wanda ya kira sunana, amma kowa ni yake kallo. Tsoho Setareki ya ce, "Gida ɗaya ne ya san wurin nan a garin nan. Ko kifin ne ya aika musu da wasiƙa?" Baba yana zaune a gefena, hannunsa a kan gwiwata. Ya ce, "Gidana ba ya sayar da ruwa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ban faɗa a taron ba, ban kuma faɗa wa Baba ba. Guguwar bara ta kayar da doguwar kwakwar da muke daidaitawa da tsagin dutse mu gane wurin. Baba ba ya gani balle ya zaɓa min wata alamar. Na ji tsoron kar in ɓata, sai na buɗe manhajar nan mai hoton ƙugiya da kika sa min a wayar, na danna alama a wurin. Har suna na sa mata, "kawakawan Baba".

Ke kika yi min rajistar, ke kika san kalmar sirrin. Ba na zarginki, amma sai na tambaya. Kin nuna wa wani? Ko da wasa, ko don ki burge wani Bature a wurin aiki?

Ki amsa min a takarda.

Taubashinki,
Kitione

Townsville
28 ga Yuli

Kitione, mai ƙaton kai,

Na gaishe ka, na gai da Akanisi. Ka durƙusa ka gaishe min da Kawu, ka ce ina yi masa addu'a kullum. Ni lafiya, sai bayan da ke damuna saboda ɗaga tsofaffi.

Da na karanta tambayarka na yi kwana biyu ban iya cin abinci ba don haushi. Ni zan nuna wa Bature wurin da uwata ma, da aka haife ta a gidan nan, ta mutu ba ta san shi ba? Har na rubuta maka amsa mai zafi. Allah ya taimake ka ban aika ba.

Ranar Asabar na tafi laburaren unguwarmu. Akwai wasu mutane da ke zama a can suna gyara wa jama'a waya kyauta. Shugabarsu wata tsohuwa ce, Noeleen, ta yi shekara talatin tana aikin layukan tarho kafin ta yi ritaya. Ban faɗa mata komai game da wurin ba, na dai ce ta duba min manhajar. Ta shiga da rajistarka, ta danna nan ta danna can, sai ta cire tabarau ta ce, "'Yar nan, zauna."

Kitione, ba wanda ya saci komai. Manhajar ce da kanta. Duk alamar da mutum ya sa, da duk inda jirginsa ya saba tsayawa, kamfanin yana tarawa ya nuna wa waɗanda suka biya kuɗin babban matsayi. Ta nuna min taswirar. Tekunmu shuɗi fes, sai ɗigo ɗaya ja, da sunan da ka rubuta a gefensa, da watannin da ka fi zuwa. Ta ce yana cikin doguwar yarjejeniyar nan da ake danna "na amince". Ni na danna. A kan gadona na danna, ina shan shayi, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na yi kuka a gaban mutane har wani tsoho ya miƙo min hankici.

To ga amsarka. Ban nuna wa kowa ba, amma ni na buɗe musu ƙofa.

Noeleen ta goge alamar, ta rubuta wa kamfanin su share rajistar gaba ɗaya. Ta ce min gaskiya, wanda ya riga ya gani ya gani.

Na tambaye ta yaya ita take yi. Ta ciro tata wayar. Ta ce shekara shida ke nan da ta fitar da manhajojin kamfanoni daga ciki ta zuba waɗanda jama'a suka haɗu suka ƙera. Mako guda muka yi muna shirya maka irinta, tana cikin ƙunshin nan tare da maganin ciwon gwiwar Kawu. Ba sai an yi rajista da kowa ba. Komai nata buɗaɗɗe ne, kowa a duniya yana iya dubawa, ba abin da aka ɓoye. Na riga na sa mata taswirar tsibirinmu da tekunsa duka.

Ka faɗa wa Kawu gaskiya kafin ya ji a bakin wani. Ka karanta masa wannan, ya san laifin namu ne mu biyu, ba naka kaɗai ba.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali, ko da yake ba a wannan karon ba,
Torika

Matasawa
20 ga Agusta

Torika,

Muna lafiya. Maganin ya iso.

Na faɗa wa Baba abin da na yi. Bai zage ni ba. Ya ɗauke hannunsa daga gwiwata kawai, ya ce a kira Ilaitia da dattawa. Aka dama yangona, abin shanmu na zaman taro, aka zauna, ya ce in karanta takardarki a gaban kowa tunda ruwan na kowa ne.

Na karanta. Da na zo inda kika ce ke kika danna, wasu sun girgiza kai don tausayi. Har Setareki ya ce, "Yarinya ce, ba ta sani ba." Sai na zo layin sabuwar wayar. Ya ce in maimaita. Na maimaita. "Komai nata buɗaɗɗe ne, kowa a duniya yana iya dubawa, ba abin da aka ɓoye. Na riga na sa mata taswirar tsibirinmu da tekunsa duka."

Ba wanda ya yi tafi kamar yadda aka saba da aka miƙa ƙoƙon yangonar. Ilaitia ya ce, "Wato ta farko masu kuɗi kaɗai take nuna wa. Wannan kuma kowa da kowa."

Ga abin da Baba ya ce, kamar yadda ya faɗa. "'Yar ƙanwata ce. Tana da ikon ta shigo gidana ta ɗauki tabarma, ta ɗauki alade, ta ɗauki kwalekwalena, ba mai hana ta, haka muka gada. Amma wannan ba nawa ba ne balle ta ɗauka ta raba wa duniya. Kada a sake karanta min takardarta."

Ni kaina na yi ta juya maganar ban sami wata fassara ba. Na san halinki, kina ganin abin da aka raba wa kowa ya fi albarka. Wataƙila a can haka ake yi. Amma kin zauna da tsohuwar da ba ta taɓa ganin tekunmu ba kun yanke hukunci a kansa, ba ki tambayi kowa ba.

Ban buɗe wayar ba. Tana rataye a jikin azara cikin ledarta. An karɓe aikin duba wurin daga hannuna an ba 'ya'yan Setareki, kuma ba su san inda za su tsaya ba, suna ta zagaye ne kawai. Jiragen sun dawo sau biyu. Mun kai ƙara, an ce ana dubawa.

Baba ya daina fita bakin ruwa da safe.

Kitione

Townsville
6 ga Satumba

Kitione,

Na gaishe ku duka. Ko Kawu bai so jin sunana ba, ka gaishe shi, ka ce wata baiwar Allah ce.

Wayyo ni. Na karanta takardarka a ɗakin hutun ma'aikata, na ɗauko kwafin tawa na duba, na ga da ni ce zaune a wurin nan da haka zan fahimta. Bakina ne ya yi gaba, kamar kullum. Don Allah ka karanta wannan a hankali.

Abin da yake a buɗe shi ne yadda aka ƙera ta. Ba abin da ka ajiye a cikinta ba.

Ka tuna lokacin da Kawu ya sassaƙa kwalekwalensa a bakin ruwa muna yara? Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa itacen, ya ce nan ya yi kauri, nan ɗaurin bai yi ba. Da akwai rami da wani ya gani. Amma da ya shiga ruwa, akwai wanda ya san inda ya nufa? To haka nake nufi. Manhajar ƙugiya a rufe aka ƙera ta, ba wanda aka bari ya leƙa, shi ya sa ta yi shekara biyu tana kai rahotonka ba mu sani ba. Wannan kuwa duk wanda ya iya karatun abin yana iya bin ta layi-layi ya ga ko tana aika wani abu waje. Mutane da yawa sun bi.

Na san abin da za ka ce: "Ke kin bi?" A'a. Ban iya ba. Na tambayi Noeleen ita ma, ta ce ta iya kaɗan, ba duka ba. Ta ce, "Yarda ce dai har yanzu, 'yar nan. Sai dai na fi yarda da mutanen da suka bar ƙofa a buɗe don a kama su in sun yi ƙarya." Ba zan ƙara mata gishiri ba, iyakar abin da na sani ke nan.

Taswirar da na ce na sa, saukewa na yi ta zauna a cikin wayar, don ta yi aiki ko ba sabis. Ban aika komai namu ko'ina ba. Ban san wurin ba ma, ta yaya zan sa shi? Ka gwada da kanka. Kar ka sa mata layi. Ka shiga da ita kwarin bayan coci inda ko saƙo ba ya shiga, ka buɗe taswirar. In ba ka yarda da idonka ba ka kai wa malamar makaranta.

Kuma gaskiyarka ne, ban tambayi kowa ba. Sau biyu ke nan ina aiko muku da waya ina cewa ga alheri.

Ni ma na canja tawa. Ba daɗi, kar ka ji an ce. Na fita daga zauren hirar dangi, yanzu ba na ganin hotunan bukukuwa, inna Litiana a Suva tana ta gaya wa mutane na yi kuɗi na raina su. Manhajar jadawalin aikinmu ta ƙi hawa sabuwar, dole na bar tsohuwar a akwatin wurin aiki kamar kare ɗaurarre. Mutum huɗu kacal nake iya aika wa saƙo a sabuwar manhajar hira, ɗaya cikinsu Noeleen ce. Amma tun ranar da na ga jan ɗigon nan ba na iya riƙe tsohuwar ban ji kamar wani na tsaye a bayana ba.

Ka amsa da jirgi na gaba, ko layi biyu ne.

Torika

Townsville
19 ga Oktoba

Kitione,

Gaisuwa. Mako shida ke nan ban ji komai ba. Ban sani ba ko takardata ba ta iso ba, ko ta iso ka ƙi amsawa. Kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu sau biyu.

Jiya wata 'yar Lau da muke coci ɗaya ta ce ta ji a Suva wai Kawu yana kwance. Na nemi hutu, an ce sai Disamba, ba mai karɓar tsofaffina.

In fushi kake yi ka ci gaba da yi, amma ka yi min abu ɗaya. A ƙasan akwatin katakon uwata, cikin ƙyallen shuɗi, akwai tabua, haƙorin babban kifin teku mai igiya da muke neman gafara da shi, da ta bar min. Ka ɗauka, ka nemi yangona mai kyau, ka durƙusa gaban Kawu da sunana ka roƙa min gafara yadda ake yi. Kar ka yi min bayani, kar ka kare ni. Ka ce na yi laifi kawai.

Kar ya tafi yana ganin na sayar da shi.

Torika

Matasawa
11 ga Nuwamba

Taubashiyata,

Ki zauna kafin ki karanta. Baba ya rasu ranar Lahadi, uku ga wata, da safe ana buga gangar coci. Mun binne shi kusa da mahaifiyarki. Na hau tudu da sabuwar wayar don in kira ki, sai na tuna lambarki tana cikin tsohuwar, tsohuwar kuma ta ƙi tashi bayan wata huɗu a gwangwani. Na zauna a kan tudun nan na yi kuka kamar yaro. Na san zuwa yanzu labari ya iso miki ta bakin wasu, ki yafe min.

Amma bai tafi yana fushi da ke ba. Bari in ba ki labarin daga farko.

Injin jirgin ne ya lalace, muka yi kusan wata biyu ba jirgi, ba sukari, ba gari, ba wasiƙa. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, ashirin da shida ga Oktoba. Lokacin Baba ya kwanta, ruwan kwakwa kawai yake sha. Na karanta a bakin ruwa, na ji kunya ta kama ni har wuya. Amma ya riga ya ce kada a karanta masa, kin kuma san shi da magana ɗaya.

Akanisi ce ta ƙwace takardar. Ta ɗauko abin kankare kwakwa ta zauna a bakin tagarsa, ta sa ni a gabanta, ta fara karantawa da ƙarfi. Baba ya ce daga ciki, "Na ce ba na son ji." Ta ce, "Ai ba kai nake karanta wa ba, Baba, mijina nake karanta wa, bai iya karatu sosai ba." Ta ci gaba da karantawa. Da ta zo maganar kwalekwalen ta ɗan sassauta murya, sai muka ji ya ce, "Ɗaga murya, mijin naki kurma ne kuma."

Da ta gama ya ce, "Ɗaurin nan da suka ce bai yi ba, ya yi. Setareki ne bai san ɗauri ba."

Washegari na kai tabuan. Dattawa suka zo. Na durƙusa na faɗi abin da kika ce in faɗa, ban ƙara ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa igiyar, ya gane na ƙanwarsa ne. Sannan ya ce, "An karɓa. Ni ma na yanke wa yarinya hukunci a kan layi ɗaya." Aka yi tafi.

Ya ce a sauko da wayar. Malama Vasemaca ta makaranta ta zo, muka je kwarin bayan coci ni da ita da Ilaitia, ba layi ba sabis, taswira ta buɗe. Sai dai Torika, da kin ga yadda aka zana mu. Wani koren dunƙule kamar gwaza, ba gari, ba hanya, ba murjani, sunan ma an rubuta shi ba daidai ba. Malama ta ce masu sa kai ne suke zana wannan taswirar, kuma ba wanda ya taɓa zuwa nan. Ta ce in muna so mu ma za mu iya zanawa, amma abin da muka sa a wannan kam duniya za ta gani, ba kamar alamar da mutum ya ajiye wa kansa ba.

Muka koma muka faɗa wa Baba. Sai ya ce a tashe shi zaune. Kwana biyu dattawa suna taruwa a gefen tabarmarsa ana gardamar abin da za a sa. Setareki ya ce kar a sa komai. Ilaitia ya ce a sa coci da makaranta da ɗakin shan magani, don jirgin agaji ya daina sauka a garin da ba namu ba. Baba ya ce a sa rijiya. Sannan ya ce, "Dutsen da ke ƙarƙashin ruwa a mashigar arewa, wanda ya fasa jirgin ƙanena Apakuki ya tafi da shi, a sa shi. A rubuta shi da manyan baƙaƙe. Ko ɓarayin kifin ne, ba na so uwar wani ta yi kukan da tamu ta yi."

Ilaitia ya ce, "Wurin fa?"

Ya ce, "A bar shi ruwa."

Na ce masa sabuwar wayar ba ta kai rahoto, zan iya ajiye alamar ni kaɗai. Ya ce, "Na yarda ba ta tsegumi. Amma ana sace waya, ana aron waya, mai waya yana mutuwa. Matso." Ya sa kowa ya fita. Ya tambaye ni abin da ya rage a tsaye a kan tudun gabas, na lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, shi da ba ya gani ya zaɓa min sabuwar alama. Ya sa na maimaita sau bakwai.

Saƙonki kuma ga shi. Ya ce in gaya wa 'yar ƙanwarsa maganin gwiwar bai yi komai ba, amma ya gode. Ya ce ki daina danna abin da ba ki karanta ba. Ya ce ranar da kika zo in faɗa miki alamar da bakina, a cikin kwalekwale, domin ya yi kuskure da bai faɗa wa uwarki ba.

Malama ta sa dutsen a taswira ranar Juma'a. Ya rasu ranar Lahadi.

Ki rubuto min lambarki a takarda, Baturiya.

Taubashinki,
Kitione

Townsville
2 ga Disamba

Taubashina,

Na gaishe ka, na gai da Akanisi. Ka ce mata duk abin da ta ga dama a akwatin uwata nata ne.

Inna Litiana ce ta kira wurin aikinmu ta faɗa min rasuwar, kwana huɗu bayan an binne shi. Na yi makonni uku ina ganin ya tafi da fushina. Takardarka ta iso ranar Alhamis. Ba zan iya rubuta yadda na ji ba.

An soke hutun Disamba, ma'aikata biyu sun tafi. Sai baɗi, in Allah ya yarda.

Na je laburare na buɗe taswirar a gaban Noeleen. Na nuna mata cocinmu, da rijiya, da dutsen. Ta karanta sunan Apakuki da aka rubuta a gefe, ta tambayi ko wane ne, na faɗa mata. Ba ta tambayi komai game da sauran ruwan ba.

Lambata tana bayan takardar nan.

Torika

Matasawa
4 ga Agusta

Taubashiyata Torika,

Gaisuwa. Muna lafiya, Akanisi tana da ciki wata biyar, na so in faɗa miki a waya amma ta ce a takarda ya fi daraja. Gwaza ta yi bana.

Ko da yake muna magana duk Lahadi daga kan tudu, wannan ba na waya ba ne.

Mutum tara ne yanzu a garin nan suka koma irin wayarki. Malama Vasemaca take shirya musu. Sauran sun ce ba za su bar zauren hirar coci ba, ban kuma ga laifinsu ba. Setareki yana cikin taran, yana ta gaya wa mutane shi ya fara kawo shawarar.

An mayar min da aikin duba wurin. Jiragen sun zo sau ɗaya a watan Yuni, suka yi rabin yini suna nutso, suka tafi akwatunansu kusan fanko. Ba su dawo ba. Ba don sun ji tsoronmu ba, don ba abin da za su ɗauka. Ilaitia ya rufe wannan gefen gaba ɗaya har shekara biyar.

Shekaranjiya na fita ni kaɗai da safe, ruwa ya kwanta. Na daidaita alamar da Baba ya ba ni, na saki anga, na nutsa. Daidai wurin na sauka, ko taku ɗaya bai kuskure ba. Da farko ban ga komai ba sai murjani da fasassun masu biyu da suka bari. Na hau na sha iska, na sake sauka, na leƙa ƙarƙashin wani dutse a wurin.

Kawakawa goma sha ɗaya. Na ƙirga sau biyu. Uku cikinsu ciki ya yi nauyi da ƙwai. Suna tsaye suna fuskantar ruwan da ke shigowa, ba su gudu ba.

Na hau kwalekwale na zauna, na daɗe ban tayar da inji ba. Ban san ko goma sha ɗaya sun isa su dawo da abin da aka kwashe ba. Malama ta ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Ban faɗa wa kowa adadin ba sai Ilaitia, sai ke.

Ki sayi tikitin nan tun yanzu kafin su sake soke miki hutu. Ki zo da takalmin ruwa, ƙafarki ta zama ta Turawa.

Taubashinki,
Kitione